Jan Farce a Kan Noti Takwas

Ƙarfe shida da rabi na safe, gari bai gama wayewa ba, Noreen Kinakin za ta faka tsohuwar motarta a bayan shagon Hadikin. Ba ta shiga kai tsaye. Sai ta cire safar hannu, ta dumbuzi dusar ƙanƙarar da ta kwana a kan katanga, ta matse ta a tafin hannu. In ta dunƙule, yau dusa mai nauyi ce, masu hawa dutse za su dawo suna ɗingishi. In ta watse ta zube ta tsakanin yatsu kamar fulawa, to ɗanyar dusa ce ta gaske, kuma kafin ƙarfe takwas rabin garin nan zai buga waya wurin aiki ya ce mura ta kwantar da shi. Daga nan ta gangara ɗakin ƙasa, ta kunna fitila, ta jona dutsen gugar da take narka kaki da shi, ta ajiye filas ɗin miyar borsh a kan kanta. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana yin haka, daga Nuwamba zuwa Afrilu.

Sunan Walt Hadikin ne a jikin ƙofa, shi ne kuma yake sama yana karɓar baƙi da fara'a. Amma duk wanda ya yi hunturu biyu a wannan lungu na duwatsun Kootenay a ƙasar Kanada ya san in allon zamiya kake nema, wanda za ka shiga ɗanyar dusa iya ƙugu ka fito da gwiwoyinka lafiya, ƙasa ake sauka. Ƙarshen Afrilun nan Noreen za ta ajiye aiki. Yatsunta sun kumbura, ba sa riƙe sukundireba kamar da. Walt ya ce za a yanka kek. Na ce masa kek ɗin me, shekara talatin da ɗaya? Shi ya sa na zauna rubuta wannan, ni da rabona da rubutun da ya wuce rahoton aiki tun ina makaranta.

Sunana Lyle Sorenson, shekarata hamsin da tara, kuma ni mai rufe baya ne a kamfanin Marnie Boisvert. Muna ɗibar baƙi goma sha biyu a katafila, mu hau da su can ƙololuwa inda babu hanya, su gangaro ta cikin daji. Jagora yana gaba, ni ina baya. Wanda ya faɗi nawa ne, wanda ya ɓata nawa ne, wanda ya afka rijiyar bishiya ma nawa ne. Rassa ne ke hana dusa cika gindin bishiya, sai rami ya zauna a wurin ba a ganinsa. Mutum ya faɗa da ka, dusa ta rufto masa, ƙafafunsa suna sama a ɗaure da allo. Ba ya iya fitar da kansa, kuma 'yan mintuna kawai yake da su.

A sauran shaguna, tsayar da allo ake yi a gabanka, in ya kai maka haɓa ko hanci a ce naka ne. Noreen ta ce wannan awon tela ne. Dusa ba ta san tsawonka ba, in ji ta, nauyinka ta sani. Akwai wani tsohon sikelin awon dankali a kusurwar ɗakin, kowa sai ya hau shi, da takalminsa da rigarsa da jakar da yake goyawa. Ta auna tsawon takalmin, don in ya fi faɗin allon zai riƙa jan dusa a kwana. Ta tambaye ka fili kake bi ko cikin bishiyoyi. Sannan ta yi tambayar da kowa a garin nan ya haddace: "A gangara ta nawa kake fara zagi?" In ka ce ba ka zagi, ta ce to je ka dawo ranar da ka shirya faɗin gaskiya.

Marnie da nake yi wa aiki yanzu, a gabana ta fara sauka ɗakin nan, shekara ashirin da biyu da suka wuce. Lokacin aikin dashen itatuwa take yi, doguwa, ƙaƙƙarfa, kafaɗunta sun fi nawa. Ta zo ne ta sayar da allonta, wai ta haƙura, ita ba ta da baiwar ɗanyar dusa. Duk inda ta je allon mata ake ba ta, siriri, mai taushi, mai zanen furanni, ta hau ya nutse da ita. Noreen ta ɗora ta a sikeli, ta dubi takalminta, ta dubi allon, ta ce, "Wa ya haɗa ki da wannan? Kin fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba." Ta je layin maza ta zaro mata mai faɗi, baƙi wuluk, ko ɗigon ado babu. Walt har gobe yana ba da labarin yadda Marnie ta dawo da yamma, dusa har cikin gashin girarta, ta tsaya a kan matakala ta kasa magana. Yau katafila biyu gare ta da ma'aikata goma sha huɗu.

Nawa labarin ba shi da daɗin faɗi kamar wannan, amma shi ne dalilin rubutun.

An yi mini aiki a gwiwar dama, kuma ita ce ƙafata ta baya a kan allo. Duk mai hawa ɗanyar dusa ya san ƙafar baya ce jakin gida, ita ke ɗaukar kaya. Kana jingina baya ne don hancin allo ya ɗaga, kada ya caki dusa ya wuntsila ka. Da safe lafiya lau nake. Daga gangara ta bakwai sai cinyar ta ɗauki wuta, gwiwar ta fara rawa. Shekara uku da suka wuce, a watan Maris, wani baƙo ya faɗi a ƙasa da ni, na juya zan je wurinsa, ƙafar ta ce ba ta san zancen ba. Na kife. Shi bai ji ciwo ba, zama kawai ya yi yana jirana yana cin cakulan. Amma Marnie tana kallo daga ƙasa.

Ba ta ce komai ba sai Oktoba, a garejin katafila.

"Lyle, zauna."

"Tsayuwa ta fi mini."

"To tsaya. Minti huɗu na ƙirga kana birgima kafin ka tashi. Da a rijiya mutumin yake fa?"

Na ce kowa yana faɗuwa.

"Kowa ba shi ne mai rufe baya ba," in ji ta. "Zaɓi biyu ne. Ka koma tuƙin katafila, albashi ɗaya, kujera mai ɗumi. Ko kuma ranar sha biyar ga Disamba ka yi gangara goma tare da mu, a ta sha ɗaya in ɓoye buhun yashi a rijiya in kira ka. Minti takwas ka same shi ka tono shi. In ka wuce takwas, kada ka roƙe ni, don ba zan iya ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Shekara ashirin da shida ina bayan mutane a kan dutsen nan. Ban iya komai ba sai shi, ban kuma taɓa son wani abu kamarsa ba. A ce in zauna a bayan gilashi ina kallon wasu suna gangarawa, ina jiran su da injin a kunne? Na ce mata mu haɗu ranar sha biyar.

Allona a lokacin santimita ɗari da sittin da takwas ne, mai tauri kamar ƙyauren ɗaki. A zamaninmu tsawon allo shi ne girman mutum. In ka jingina shi a bangon mashaya, lambar ake fara dubawa kafin a dubi fuskarka. Na ɗauke shi na kai wa Noreen, na ce ta shafa masa kaki, ta kuma ƙara matsar da maɗaurin ƙafa baya.

Ta juya shi ta duba. "Babu sauran baya, Lyle. Daga nan sai dai in ɗaura maka a kan iska. Hau sikeli."

"Shekara nawa kin san nauyina?"

"Nauyin bakinka na sani. Hau, da jakar."

Na hau da jakar aiki, shebur da igiya da kayan agaji duk suna ciki. Kilo casa'in da shida. Ta rubuta a bayan hannunta da biro, ta shige cikin layukan alluna. Na ji tana zarowa tana mayarwa. Ta fito da guda uku, ta kafa kowanne a ƙasa ta danna tsakiyarsa da tafin hannu. Na farko ta ce ya yi taushi, zai lanƙwashe a ƙarƙashin jakata in wuri ya yi tsaye. Na biyu ta ce na masu gudu a fili ne, ba zai juya tsakanin bishiyoyi ba. Na uku ta ajiye a kan teburi. Ɗari da hamsin da huɗu. Gajere, mai faɗi, hancinsa kamar shebur, wutsiyarsa a tsage biyu irin ta kifi.

"Wannan allo ne ko faranti?" na ce.

"Naka ne."

"Haba Noreen. Ko kafaɗata bai kai ba. Ki bari in mutu da mutuncina mana."

"Mutuncin naka ne ya yi minti huɗu a kwance."

Na ce ashe har ta kai wa Marnie magana.

"Ita ta kawo mini," in ji ta. "Ta tambaye ni ko kana da sauran amfani. Na ce a kan wancan katakon, babu. Na kuma ce mata in ka kasa a kan wannan, ni zan fara cewa a sauke ka. Ba don kai kaɗai nake zaɓa ba, Lyle. Akwai wanda zai kasance a cikin ramin, shi ma ina zaɓa masa."

Sannan ta yi mini bayani, a hankali, kamar ban taɓa ganin dusa ba. Faɗin da aka ƙara ya maye tsawon da aka rage, don haka zai ɗauki kilo casa'in da shida ko ina tafiya a hankali, kuma mai rufe baya kullum a hankali yake tafiya. Hancin dogo ne a ɗage, wutsiyar kuwa siririya ce a tsage, da kanta za ta nutse hancin ya taso. Gajartarsa za ta bar ni in juya a inda dogon yake maƙalewa.

"Shekara ashirin da shida kana ɗaga hancin allo da ƙafarka," ta ce. "Wannan shi zai ɗaga hancinsa da kansa. Kai dai tsaya a tsakiya, ƙafa biyu nauyi ɗaya, ka daina taimaka masa."

Ta ɗaura maɗauran da hannunta a inda ta ga dama, ta miƙo mini. Na fita da shi ta ƙofar baya don kada a gan ni.

An gan ni. Farkon Disamba da muka fara fita share hanya, Gurmeet Dhaliwal, direban katafilarmu, ya leƙo ta taga ya dubi allon ya dube ni. "Tsoho, ina rabin allonka? Ko shi ma kotu ta raba muku da tsohuwar matarka?" Aka kwashe da dariya. Na ce masa ya ji da sitiyarinsa. Amma maganar ta zauna mini.

Kwana biyu na farko dusa ba ta da zurfi, ban gane komai ba. A na uku aka tashi da ita iya gwiwa. To, akwai abin da duk tsohon mai allo yake yi in ya ga irin wannan safiya, ba ya ma tunani: ya ɗauki sukundireba ya mayar da maɗauran can baya. Haka aka koya mana, haka muka koya wa wasu. Na durƙusa a garejin na kwance noti takwas, na mayar da su ƙarshen layi, ina ce wa kaina ai ƙarin taimako ne.

Wahalar da na sha ranar ba ta faɗuwa. Hancin ya miƙe sama yana lilo, wutsiyar ta nutse gaba ɗaya, allon ya ƙi juyawa. A gangara ta huɗu gwiwar ta kumbura har wando ya matse ta. Na sauko gari a fusace, na dire shi a kan teburin Noreen.

"Farantinki ba ya tafiya."

Ba ta ko ɗaga kai da sauri ba. Ta ajiye cokalin miyarta, ta jawo allon ƙarƙashin fitila, ta bi samansa da ɗan yatsa.

"Wa ya taɓa noti?"

"Babu wanda ya..."

"Ga sawun inda na ɗaura, a zagaye, ko makaho zai shafa ya ji. Ga inda suke yanzu. Ko ɓerayen garejinku sun koyi sukundireba?"

Kunya ta rufe ni. Mutum mai furfura, an kama shi da ƙarya a kan noti.

Ta wanke ni tas, ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta ce wanda ya ƙera allon ya riga ya mayar da tsayuwar baya tun a masana'anta, ni kuma na ƙara baya a kan baya. Ta ce ba gwiwata ce za ta kore ni daga aiki ba, taurin kaina ne. Tana magana tana kwancewa, ina ganin yadda take cije leɓe duk lokacin da ta murɗa, don yatsun sun riga sun fara ciwo tun lokacin. Na ce ta kawo in murɗa. Ta ce hannuna ya yi aikin da ya isa na yau.

Da ta gama, ta buɗe aljihun teburi ta ɗauko kwalbar jan farce. Ban taɓa ganin Noreen da jan farce a hannu ba, ashe na noti ne. Ta ɗiga a kan kowanne, ɗaya bayan ɗaya har takwas, ta hura ya bushe.

"In jan nan ya tsage, zan sani. Kuma kada ka sake sauko mini nan."

Saura kwana tara.

Noreen tana hawa dutse ranar Talata kawai, ranar hutunta, kuma da bakinta take cewa ita ba gwana ba ce. Gaskiya ta faɗa. Tana tafiya a hankali, hannu a buɗe kamar mai ɗauke da bokiti biyu. Amma Talatar nan ta biyo ni, ta zauna a bayana da usur a baki, duk lokacin da na jingina baya ta busa. Ni mai rufe baya, yau ga wata tana rufe mini baya. Sau arba'in da ɗaya ta busa, na ƙirga don haushi. Ta faɗi sau uku tana bina ta inda bai kamata ta bi ba, ta tashi ta karkaɗe ta mayar da usur baki. Washegari ta roƙi Walt rabin yini ta sake zuwa. Ranar sau goma sha biyu. Can wajen azahar, a cikin wasu bishiyoyi masu matsi, na tsaya a tsakiya don na gaji da jin usur, sai kawai na ji allon ya taso da kansa. Babu abin da na yi. Cinyar dama ta yi shiru, abin da ta shekara biyar ba ta yi ba. Na tsaya a ƙasa ina jiranta, idona ya kawo ruwa, na ce iska ce.

Ke ce kika yi wannan, Noreen. Ke ce mai sikelin da ba ya jin kunyar kowa. Da kin shafa wa dogon katakona kaki kin miƙo mini, da na gode miki na yi ta yabonki a gari, kuma babu wanda zai taɓa cewa laifinki ne. Kika zaɓi in ji haushinki. Kika bar ɗakinki mai ɗumi kika bi tsoho mai gardama cikin daji da usur, ba a biya ki ba, ba a ma roƙe ki ba.

Ranar sha biyar aka tashi da dusa rabin mita sabuwa fil. Ina gareji ina ɗaura takalmi, sai na ga hannuna ya riga ya shiga aljihu ya kamo sukundireba. Wallahi ban aike shi ba. Na durƙusa a kan allon, ga ɗigon ja guda takwas suna kallona. Zuciyata tana cewa yau ba ranar gwaji da sabon abu ba ce, yau ranar abin da ka sani ce. Na daɗe a durƙushe. Sannan na tashi na miƙa wa Gurmeet sukundireban ta taga, na ce ya riƙe, ko na roƙe shi kada ya ba ni. Ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskata, ya jefa shi a aljihun mota.

Gangara goma muka yi. A ta sha ɗaya rana ta yi ƙasa, haske ya dushe, kowa ya gaji. Oba-oba ta yi ƙara a ƙirjina, muryar Marnie: mutum ɗaya bai iso ba, an gan shi na ƙarshe a hagu da rafi. Na bi sawu. Sawu goma sha biyu sun shiga daji, sai in nemo wanda bai fita ba. Dole in tafi a hankali ina dubawa, in ratsa gefe, in tsaya, in sake tashi, kuma a nan ne dogon allo yake nutsewa ya binne ni. Wannan bai nutse ba. Na kewaya wata bishiya, na kewaya ta biyu, a gindin ta uku na ga sawu ya yanke. Na kwance ƙafa, na zaro shebur, na fara tona daga gefen ƙasa yadda ake yi, don kada in ƙara rufta masa dusa. Buhun yana sanye da tsohuwar rigar Gurmeet, har an zana masa gashin baki. Na jawo shi waje na danna oba-oba.

Sai Marnie ta ce, "Minti shida da daƙiƙa hamsin." Sannan ta ƙara da cewa, "Gobe ƙarfe bakwai, kada ka makara."

Da na kai wa Noreen labari, notin ta fara dubawa. Ta ga jan yana nan. Ta ce, "To. Bar shi nan, bakinsa yana son wasawa."

Wata biyu bayan nan, cikin Fabrairu, a gangara ta tara, abin ya faru da gaske. Wata malamar makaranta ce daga Saskatoon. Ƙasan allonta kawai na hango a gindin bishiya, yana motsi kaɗan-kaɗan, kafin in iso ya daina. Ban duba agogo ba, ban san minti nawa ba ne. Na dai san da na share mata fuska leɓenta ya yi shuɗi, na sa yatsa na ƙwaƙule dusa daga bakinta, ta ja numfashi da wata irin ƙara da har yau nake ji. Duk Kirsimeti tana aiko mini da kati, da hoton 'ya'yanta biyu. Ta gode mini, ta gode wa Marnie, ta gode wa Allah. Ba ta taɓa jin sunan Noreen Kinakin ba. Wannan ya daɗe yana ci mini rai, kuma zan aika mata da wannan rubutun.

Watan jiya na sauka ɗakin ƙasa in karɓi allon. Na riƙe ƙarfen matakala ina saukowa da ƙafar hagu a gaba, taki ɗaya-ɗaya, ban san tana kallo ba. Ta bari na iso, ta turo mini kujera.

"Na duba duk abin da za a fitar na baɗi," ta ce. "Na kira masu ƙerawa biyu. Babu allon da zai rufa wa gwiwar nan asiri hunturu na huɗu. Da akwai, da na nemo maka kafin in tafi."

"Ai lafiya lau nake ji."

"Bana za ka kai. Baɗi ba za ka kai ba, kuma ba kai za ka biya ba."

Kwana biyu ban yi mata magana ba. Na zage ta a mota, na zage ta a wanka. A rana ta uku na je garejin na sami Marnie, na ce mata ta fara neman wanda zan koya wa hanyoyin dajin kafin Afrilu. Ba ta tambaye ni dalili ba. Wadda ta faɗa mini gaskiya lokacin da gaskiyar ta mayar da ni kan dutse, ba zan ƙaryata ta ba don yau ta ce in sauko. Ranar da Noreen za ta kashe fitilar ɗakin ƙasa, ranar zan miƙa oba-obata.

Ku masu tsayawa a shaguna kuna sayar wa mutane alluna, a nan garin da sauran garuruwa, saura mako bakwai. Ku sauka ku zauna kusa da ita ku ga yadda ake yi. Ku auna mutum da kayansa, ku tambaye shi inda yake bi, ku saurari amsar. In abin da yake so ba shi ne zai dawo da shi gida ba, ku faɗa masa, ko zai fita yana zaginku. Ku kuma masu saye, irina, in an ɗaura muku noti ku bar shi a inda aka ɗaura.

Noreen, Allah ya saka miki, ya sassauta wa yatsun nan. Hunturu uku kika ƙara mini, na kuma san ba kyauta kika ba ni don in ji daɗi ba, amana ce. Saura mako bakwai, zan yi su a tsaye a tsakiya, ido a kan sawun mutane. Kuma da ƙafata zan sauka, ba a sauke ni ba, ban bar kowa a gindin bishiya ba. Na gode.